Gwajin DPD kafin maganin kansa: abin da yake ganowa da abin da yake tsallakewa

A watan Afrilun 2020 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai, EMA, ta ba da shawarar kada a fara ba majinyaci fluorouracil ta jijiya, ko capecitabine, ko tegafur, sai an gwada shi an ga ko jikinsa na da isasshen sinadarin da ake kira DPD, wanda ke wargaza waɗannan magungunan kansa a hanta. Kafin shekarar ta ƙare asibitocin gwamnati a Ingila sun mayar da gwajin aikin yau da kullum. Amurka ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 2025 hukumarta ta kula da magunguna, FDA, ta sa aka rubuta a takardar capecitabine cewa a yi gwajin kafin a fara sha.

Magungunan ba baƙi ba ne a wurinmu. Fluorouracil da capecitabine suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da su ake yi wa masu kansar babban hanji, da dubura, da tumbi, da mama, da ta kai da wuya magani a Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai, kamar yadda ake yi a Landan. Saboda haka labarin kan jefa masu jinya cikin ruɗani. Wasu na tambaya ko maganin guba ne da ya kamata a guje masa. Waɗanda suka je Indiya ko Masar suka dawo da takardar gwajin mai ɗauke da haruffan DPYD, sunan ƙwayar gadon da ke samar da DPD, da sakamako mai kyau kuwa, sukan ɗauka an gama magana. Duka fahimtar biyu akwai gyara a cikinsu.

Yadda maganin ke aiki

Fluorouracil, wanda likitoci ke taƙaita wa 5-FU, tsohon magani ne. Charles Heidelberger da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a Amurka a 1957. Dabarar ita ce a kwaikwayi wani sinadari mai suna yurasil, ɗaya daga cikin tubalan da ƙwayar halitta ke gina kayan gadonta da su, a liƙa masa ƙwayar fulorin guda. Ƙwayar kansa, da yake kullum cikin rabuwa take tana yawaita, sai ta ɗauki na jabun ta zaci na ainihi ne. A cikinta maganin ke rikiɗa zuwa wasu sinadarai: ɗaya ya toshe enzayim (sinadarin da ke gudanar da wani aiki a jiki) ɗin da ke samar da tayimidin, wanda ba a iya kwafar DNA sai da shi, sauran su kutsa cikin RNA da DNA su ɓata su.

Matsalar ita ce ba ƙwayar kansa kaɗai ke saurin rabuwa ba. Fatar cikin baki da ta cikin hanji da ɓargon ƙashi duk haka suke. Daga nan illolin da aka sani ke fitowa: gyambon baki, gudawa, faɗuwar fararen ƙwayoyin jini da na tsayar da jini.

Ana ba da 5-FU ta jijiya. A ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka fi amfani da su ga kansar hanji, ana tura miligiram 400 kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki a lokaci guda, sannan miligiram 2,400 su bi a hankali cikin awa 46. Capecitabine, wanda ya samu amincewa a Amurka a 1998, ƙwaya ce ta sha, kuma ita kanta ba ta kashe komai sai jiki ya sarrafa ta sau uku: mataki na farko a hanta, na biyu a hanta da cikin ƙarin kansar, na uku ta hannun wani enzayim da ya fi yawa a cikin ƙarin fiye da lafiyayyen nama. A ƙarshen matakan uku abin da ke fitowa 5-FU ne. Wanda ke shan ƙwayar a gida, to, daidai yake da wanda aka ɗaura wa ƙarin ruwa a asibiti ta fuskar haɗari, bambancin kawai shi babu nas a kansa.

Adadin da aka saba bayarwa idan capecitabine kaɗai ake sha shi ne miligiram 1,250 kan murabba'in mita, sau biyu a rana, kwana 14, sai hutun kwana 7, wannan shi ne zagaye ɗaya. Ga mutum mai faɗin jiki murabba'in mita 1.6, hakan na nufin ƙwaya huɗu masu miligiram 500 da safe, huɗu da dare, a sha da ruwa cikin minti 30 bayan cin abinci.

Inda hanta ta shigo

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mafi tsoka na maganin ba ya kaiwa ga kansar ko kaɗan. Kusan kashi 80 cikin 100 na 5-FU da ya shiga jini, enzayim ɗin DPD da ke hanta ne ke wargaza shi, akasarin ragowar ta fita ta fitsari. Aikin na da sauri ƙwarai: cikin minti 10 zuwa 20 rabin abin da ke jini ya tafi. Ɗan kaɗan ne, bai wuce kashi 1 zuwa 3 ba, ke rikiɗa ya zama mai kashe ƙwayoyin halitta.

Duk lissafin da ke sama an gina shi ne kan zaton cewa hantar majinyaci za ta zubar da wannan kashi 80. DPD tamkar kwatar gida ce a damina. Ruwa ɗaya ne ya sauka a unguwa, amma gidan da kwatarsa ta toshe shi ne ake kwashe kaya. Idan aikin DPD ya ragu da rabi, adadin da ya dace da kowa ya zama ya yi wa wannan mutum yawa. Idan babu shi sam, maganin da ya kamata ya ɓace cikin mintoci sai ya yi sa'o'i yana yawo a jini, kuma zagaye ɗaya kan isa ya kashe.

Ƙarancin gado ne. Umarnin gina enzayim ɗin yana cikin ƙwayar gado mai suna DPYD, kowa na da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda kwafinsa ɗaya ya samu tangarɗa yawanci lafiyarsa lau, zai iya tsufa bai taɓa sani ba, sai ranar da aka ba shi wannan magani. An fara bayyana lamarin a mujallun likitanci a 1985, daga wata majinyaciya da ta shiga mawuyacin hali bayan an ba ta adadin da aka saba. Bisa alƙaluman EMA, tsakanin kashi 3 zuwa 9 cikin 100 na Turawa na da ƙarancin rabi da rabi, masu rashi gaba ɗaya kuma ba su wuce kashi 0.5 ba.

Gwaji iri biyu

Hanya ta farko ita ce a duba ƙwayar gadon kanta daga samfurin jini. Ba a karanta DPYD daga farko zuwa ƙarshe a gwajin yau da kullum. Wurare huɗu kawai aka saba leƙawa, waɗanda ake rubutawa c.1905+1G>A, da c.1679T>G, da c.2846A>T, da c.1236G>A. Biyun farko kan kashe aikin kwafin da suke ciki kusan gaba ɗaya, biyun ƙarshe rage shi suke yi. Wata ƙungiyar masana ta duniya, CPIC, ta tsara maki: mai kwafi biyu lafiyayyu na da maki 2, a ba shi cikakken adadi. Mai maki 1 ko 1.5 a fara masa da rabi, wato ƙwaya biyu maimakon huɗu a misalin da ya gabata, in ya jure a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Mai maki 0 ko 0.5 a nema masa wani maganin daban.

Hanya ta biyu ba ruwanta da gado. Tunda yurasil na jiki shi ma DPD ne ke wargaza shi, ana iya auna yawansa a ruwan jini kafin a fara magani. Idan ya kai nanogiram 16 a kowane mililita ana zargin ƙarancin rabi, idan ya kai 150 ana ɗauka babu enzayim ɗin. Faransa ta zaɓi wannan hanya, ta kuma wajabta ta a 2019.

Kowace na da rauninta. Gwajin gado tsayayye ne, sau ɗaya ake yi a rayuwa, zafin gari ko daɗewar samfuri ba sa canza amsa, amma abin da aka tambaye shi kawai yake gani. Gwajin yurasil bai damu da asalin mutum ba, sai dai yana da tsautsayi: yurasil na ci gaba da ƙaruwa a cikin kwalba bayan an ɗebi jinin, don haka dole a raba ruwan jinin cikin kusan awa guda a daskarar da shi nan take. Mai ciwon ƙoda ma yurasil ɗinsa kan yi sama ko da DPD ɗinsa lafiya. A inda wuta ke ɗaukewa kuma ake ɗaukar samfuri a mota zuwa wani gari, sakamakon da ya nuna ƙaranci alhali babu shi abu ne mai sauƙin faruwa, kuma sakamakonsa shi ne a rage wa mai kansa maganin da yake buƙata.

Me ya sa aka yi saɓani

Hujjar da Turai ta fi dogaro da ita wani bincike ne da aka yi a asibitoci 17 na ƙasar Holan, aka wallafa a 2018. An gwada majinyata 1,103 kafin magani, aka samu 85 ɗauke da ɗaya daga cikin sauye-sauyen huɗu, aka rage musu adadi. Ga masu c.1905+1G>A, haɗarin mummunar illa da a da ya kusa ninka na sauran mutane sau uku ya sauko kusa da na kowa. Ga masu sauye-sauyen biyu marasa tsanani kuwa, ragin kashi 25 da aka yi musu bai isa ba, abin da ya sa daga baya aka koma ba da shawarar rabi.

Masu ɗari-ɗari, galibinsu a Amurka, ba musun samuwar ƙarancin suke yi ba. Damuwarsu ta farko ita ce warkewa. Mutumin da aka yanke masa kansar hanji ana ba shi magani don kada ta dawo, idan aka rage masa rabi bisa takardar gwaji alhali jikinsa zai iya ɗaukar cikakke, an tauye masa damar warkewa ba tare da kowa ya gani ba. Wannan ba zance ne na banza ba: ba duk mai ɗauke da sauyin ne ke samun illa ba, musamman masu c.1236G>A. Wani bincike na 2023, daga Holan ɗin dai, bai ga bambancin tsawon rai ba tsakanin waɗanda aka rage wa da sauran idan aka haɗa su duka, amma a rukunin c.1236G>A ya ga alamar cutar na saurin ci gaba. Damuwa ta biyu ita ce mafi yawan masu samun mummunar illa ba sa ɗauke da ko ɗaya daga cikin huɗun.

Amsar ɓangaren Turai ita ce ragin na farawa ne kawai, ana so a ƙara a zagaye na biyu ko na uku idan babu matsala. Inda ake kuskure a aikace shi ne a rage a manta ba a ƙara ba. A kan masu rashi gaba ɗaya kuwa babu wata jayayya, kuma su ne gwajin ke ceto kai tsaye. Wannan hujja ce ta yi rinjaye a hankali. A Janairun 2025 FDA ta nemi likitoci su sanar da majinyata haɗarin su kuma tattauna batun gwaji da su, daga baya a cikin shekarar takardar capecitabine ta koma cewa a yi gwajin kafin a fara, sai in larura ba za ta bari a jira ba.

Giɓin da ya shafi 'yan Afirka

Wuraren nan huɗu an gano su ne daga binciken da aka yi kan Turawa, kuma a jikinsu suka fi yawa. A tsakanin mutanen Afirka kudu da Sahara da wuya a same su. Wannan ba ya nufin ƙarancin DPD bai shafe mu ba. A 2006 masu bincike a Jami'ar Alabama da ke Birmingham sun auna aikin enzayim ɗin kai tsaye a jinin mutane masu lafiya, suka samu ƙaranci a kashi 8 cikin 100 na baƙaƙen fata, a kan kashi 2.8 na farare. Daga baya aka gano wani sauyi, c.557A>G, wanda kusan a masu asalin Afirka kaɗai ake samunsa, kuma yana rage aikin DPD sosai. Wani nazari na 2021 kan al'ummomin Afirka kudu da Sahara ya same shi a kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na kwafin ƙwayar gadon da aka duba.

Ma'anar wannan a fili take. Bahaushe ko Bayarabe ko ɗan Gana da aka yi masa gwajin wurare huɗu a wani asibitin waje, kusan tabbas takardarsa za ta fito ba matsala, domin an nemi abin da dama ba a cika samu a jikinsa ba, an bar wanda ya fi yiwuwa. Irin wannan takarda na iya fin rashin gwaji haɗari idan ta sa likita da iyali suka saki jiki. A 2024 wata gamayyar ƙungiyoyin masana gwaje-gwaje a ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar AMP ta Amurka ta faɗaɗa jerin mafi ƙarancin abin da ya kamata kowane ɗakin gwaji ya duba zuwa bakwai, ciki har da c.557A>G da c.868A>G, duka biyun na masu asalin Afirka. Tambayar da ta dace mai karɓar sakamako ya yi ita ce: wurare nawa aka duba, kuma c.557A>G na ciki?

Ko jerin bakwai ɗin ba ƙarshen magana ba ne. Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado, kuma akasarin abin da aka sani ya fito ne daga baƙaƙen Amurka da ƴan ƙabilu kaɗan da aka ɗebi samfurinsu. Aikin da ke gaban cibiyoyi irin su NICRAT, cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa da ke Abuja, da asibitocin koyarwa na arewa shi ne su karanta DPYD gaba ɗayansa a jinin majinyatan da suka samu mummunar illa a zagayen farko. Irin wannan bincike bai buƙatar dubban mutane kafin ya fara nuna hanya, amma yana buƙatar a riƙa rubuta illar a fayil da ranarta da adadin da aka sha.

Ba gado kaɗai ba

Ana iya toshe DPD da wani magani. A Japan a 1993 an fito da sorivudine don maganin ƙurajen nan masu raɗaɗi da ƙwayar cutar ƙarambau ke haifarwa a gefe ɗaya na jiki. Cikin ƴan makonni aƙalla mutum 15 masu shan dangin 5-FU suka mutu. Bincike ya nuna ƙwayoyin bakteriya na hanji ne ke mayar da sorivudine wani sinadari da ke kashe DPD har sai jiki ya gina sabo. Ɗan'uwansa brivudine har yanzu ana sayar da shi a wasu ƙasashen Turai, da sharaɗin tazarar mako 4 tsakaninsa da waɗannan magunguna.

Waɗanda suka fi kusa da mu su ne na cikin kantin magani na unguwa. Capecitabine na hana hanta sarrafa warfarin, maganin tsinka jini, har a kai ga zubar jini mai haɗari. Haka yake ɗaga yawan phenytoin na masu farfaɗiya. Sai magungunan ƙarin jini: da yawansu na ɗauke da folik asid, wanda ke ƙara wa 5-FU ƙarfi da kuma guba. Dangi kan ga majinyaci ya yi fari ya rame su sayo masa kwalba da kyakkyawar niyya, ba tare da likitan ya sani ba. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma ya kamata a faɗa wa likita, domin ba a auna yadda mafi yawansu ke shafar hanta da ƙoda ba.

Ƙoda na da nata rabon. Idan ma'aunin tacewarta ya faɗi tsakanin mililita 30 da 50 a minti, ana rage capecitabine zuwa kashi 75. Ƙasa da 30 ba a bayarwa a ƙa'idar Turai. A lokacin bazara wannan na iya sauyawa cikin kwana biyu: gudawa ta ƙarar da ruwan jiki, ƙoda ta yi rauni, maganin ya taru, gudawar ta ƙaru. Mai son yin azumi a kwanakin shan ƙwayar ya fara shawara da likitansa, saboda batun ruwa da kuma tazarar kusan awa 12 da ake so tsakanin sha biyu.

Abin da ya rage a hannun majinyaci da mai jinya

A yawancin asibitocin Afirka ta Yamma gwajin DPD bai zama aikin yau da kullum ba, kuma jiran sa ba dalili ne na ƙin magani ba. Mafi yawan mutane DPD ɗinsu lafiya yake, kansar da aka bari kuma ba ta jira. Abin da ke tsaya wa a madadin gwaji shi ne sa ido a zagayen farko, domin ƙarancin DPD kan bayyana kansa da wuri kuma da ƙarfi, wani lokaci tun cikin kwana huɗu na farko.

A dakatar da ƙwayar a nemi asibiti a ranar, ba a jira ranar da aka ba da ba, idan gudawa ta ƙaru da sau huɗu a yini kan yadda aka saba ko ta tashi mutum da dare, idan amai ya wuce sau ɗaya cikin awa 24, idan baki ya yi gyambon da ke hana ci, idan zazzaɓi ya kai digiri 38, ko aka ji ciwon ƙirji ko ruɗewa. Zazzaɓin ne ya fi yaudara a wurinmu. Ana ɗaukarsa na cizon sauro ne a sayi magani a kemis a kwanta, alhali fararen ƙwayoyin jini ne suka faɗi, kuma mai wannan hali na buƙatar gwajin jini da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin sa'o'i. Kuskure na biyu da ake yawan yi shi ne ci gaba da sha saboda ƙwayar ta yi tsada, kada a yi asara. Kwanakin da aka tsallake ba a rama su, kuma ba a ninka na gobe.

Tafin hannu da na ƙafa ma a riƙa duba su. Littattafai na cewa ja suke yi, amma a baƙar fata sau da yawa duhu suke ƙarawa, fatar ta yi kauri ta bushe, layukan tafi su yi baƙi, kafin tsagewa da zafi su biyo baya. Wanda ke jiran ya ga ja zai makara. A wasu mutane zanen yatsa kan shafe har na'urar banki ko ta filin jirgi ta kasa karantawa, don haka takardar likita mai bayanin hakan na da amfani ga mai tafiya.

Akwai makari, uridine triacetate, wanda Amurka ta amince da shi a Disamban 2015. Ana shan giram 10 duk awa 6 har sau 20, amma dole a fara cikin awa 96 da shan magani na ƙarshe, ga tsada, ga wuyar samu a wajen ƙasashe ƙalilan. Inda babu shi, abin da ake da shi shi ne dakatarwa da wuri, ƙarin ruwa, maganin ƙwayoyin cuta, da allurar tayar da fararen ƙwayoyin jini.

Wanda ya taɓa samun mummunar illa daga 5-FU ko capecitabine a zagayen farko ya nemi a rubuta masa a takarda ya ajiye, domin magungunan biyu abu ɗaya ne a jiki kuma sauya asibiti kan sa tarihin ya ɓace. Ƴan'uwansa na jini su ma su sani: idan gado ne, kowane ɗa nasa na da yiwuwar rabi da rabi ya ɗauko sauyin. A Najeriya likita ko mai harhaɗa magani ko majinyacin da kansa na iya kai rahoton illar ga NAFDAC ta fom ɗinta na illolin magunguna ko manhajar Med Safety.